Ƙasar Da Ba A Taɓa Takawa Ba

Ngaraard, 14 ga Yuni, 1989

Sabino,

Dilmei ce ke rubuta wannan, 'yar ƙanwata, tunda ni aji biyu na yi a makarantar Japanawa aka mai da ni gonar gwaza. Ni uwarka Ngedikes nake faɗa mata.

Ina gaishe ka. Ina nan. Gwiwar tana yadda ka bar ta, sai dai yanzu ta jawo 'yar'uwarta. Ka gaida matarka Carol in tana amsa gaisuwa.

An binne ubanka ranar Asabar. Ka sani, tunda Remoket, yaron ubanka na filin wasa, ya shiga kwalekwale har birnin Koror ya buga maka waya, ka ce aiki ya riƙe ka. Direban motar 'yan makaranta, a watan da babu makaranta, aiki ya riƙe shi. Na ji. Kowa ma ya ji, don da Remoket ya dawo ana cikin rabon kifi aka tambaye shi, shi kuma bai iya ƙarya ba.

Mutuwar ba wani labari a cikinta. Ya dawo daga filin yakiu, wasan nan na ƙwallo da sanda, da manjagara a kafaɗa, ya zauna bakin ƙofa ya ce a ba shi ruwa, kafin in kawo ya tafi. Shekara arba'in yana share filin nan, yana ɗauko jar ƙasa a buhu daga kan dutse yana gyara tudun da mai jifa ke tsayawa, ba wanda ya sa shi. Kada ka tambaye ni ko ya kira sunanka. Ruwa ya kira.

'Yan wasan ƙauye sun zo da rigunansu suka ɗauki akwatin. Kusurwar gaba taka ce, Remoket ya kama.

Ran Litinin kwana tara ke cika, ranar da za a jera duwatsu a shafe kabarin da siminti. Na hana. Gwaggonka Ucheliou ta ce ba ni da ikon hanawa, ƙaninta ne, kabarin na danginsu ne. Na ce ubanka Kikuo ne ya ɗora dutsen farko a kan nasa uban, ɗansa ne zai ɗora a kansa. Ta ce ɗan yana ina? Na ce yana hanya. Ko ka mai da ni maƙaryaciya ko kada ka mai da ni, ya rage naka. Kuma ka sani, sai an rufe kabarin zan kwashe kayana in koma gidanmu na Ngiwal. Kafin nan ina zaune a gidan mutane suna kallona.

Ɗana, ina kewarka ƙwarai. Kada ka takura kanka, babu gaggawa, ka zo duk lokacin da ka samu sarari, za mu jira ka.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Ngedikes


Oakland, 2 ga Yuli

Mechas,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mu lafiya lau, Carol tana gaishe ki. Allah ya ji ƙan Rubak, mahaifina.

Ƙarshen wasiƙarki na karanta ya fi sau goma. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa jin kin ce kina kewata ba. Na ajiye mota gefen titi na yi kuka kamar yaro.

Tunda kin ce babu gaggawa, ga abin da na shirya. Kin tuna yadda Rubak yake zama da hantsi, rediyo manne da kunne, yana jin wasan Amurka yana rubuta maki da fensir? Ya san sunan kowane fili amma bai taɓa ganin ko ɗaya ba. To zan zagaya masa guda shida, in ɗebo ƙasa daga kowanne, a zuba masa kafin a shafe da siminti. Dama tikitin shiga filayen na saye su tun watan Maris, kin ga ba su tafi a banza ba. A mota nake kwana, wani lokaci gidan 'yan ƙasarmu Palau da ke kan hanya.

Na fara da Seattle. Mechas, filin a cikin ɗaki yake, da rufin siminti, ciyawar ma ta roba ce. Mutum dubu talatin, ba wanda ruwan sama ya taɓa. A kasuwar bakin teku na ci wani kifi mai jan nama da suka busar da hayaƙi, masu sayarwa suna jefa wa juna shi kamar ƙwallo. Nan Oakland rana ce fayau. Na ci naman nan dogo da ake sawa cikin biredi da soyayyar albasa, har uku. Jiya na haye gada zuwa San Francisco, sanyi ya kusa kashe ni a watan Yuli, na shiga unguwar 'yan Sin na sha romon agwagwa.

Ga ƙunshi biyu, na rubuta sunan gari a jikin kowanne. Ki ajiye inda ruwa ba zai taɓa ba. Ki ce wa Gwaggo Ucheliou ta ƙara haƙuri. Wasiƙa ki ci gaba da aikawa gida Salem, Carol za ta ajiye min.

Ɗanki,
Sabino


Ngaraard, 21 ga Yuli

Sabino,

Sensei Tadao ne ke rubuta wannan, tsohon malaminku. In ya gama zan kai wa matar fasto ta karanta min, in ji ko an ƙara gishiri.

Ina nan, ban mutu ba.

Da aka karanta min wasiƙarka na ce wane ƙarshe yake ta magana a kai? Dilmei ta sunkuyar da kai. Sai da na ɗauki muciya sannan ta ce wai wasiƙar ta bushe da yawa ne ta ɗiga mata man kwakwa. Na kore ta. To ka ji daga bakina: ban ce ina kewarka ba. Kukan da ka yi gefen titi, Dilmei ka yi wa, ka aika mata godiya. Kuma akwai gaggawa.

Ruwa ake yi tun da watan ya kama. Kabarin ya lotsa ta wajen ƙafa. Ƙaguwa sun haƙa ramuka huɗu, na toshe sun sake. Na ja kwanon rufi biyu daga tsohon ɗakin girki na rufa masa, na danne da duwatsu saboda karnuka. Ubanka da bai yarda ko ganye ya kwana a filinsa ba, yau ga shi ƙarƙashin kwano mai tsatsa kamar kejin kaji.

Kullum da safe Ucheliou sai ta biyo ta ƙofata za ta gona, alhali gonarta ba ta nan take ba. Ta tsaya ta tofar da jan yawun buuch, goron nan namu, ta ce, "Matar ƙanina, jirgin ɗan naki ya iso, ko da ƙafa ya taho?" Don in rufe mata baki na faɗa wa mata cewa kana can kana tara wa ubanka ƙasar manyan filaye. Na nuna musu ƙunshin daga nesa. Wasu har sun ce kai ɗan kirki ne. Ka ga inda ka kai ni, ina tallan ka kamar ruɓaɓɓen kifi.

Ka ce tikitin tun watan Maris ka saya. Ashe aikin da ya riƙe ka ke nan. Da ka yi shiru da wannan da ya fi maka.

Labarin abincinka kuma ka riƙe kayanka. Hanji cikin biredi har uku. Nan mata sun kwana huɗu suna dafa gwaza da rogo don mutanen da suka zo binne ubanka, ba ka ci ko loma ba, ba ka ɗauki ko tukunya ba.

Dangin ubanka sun zauna sun sa rana. Asabar biyu ga Satumba za a shafe kabarin, ko kana nan ko ba ka nan. Ka sayar da sauran tikitin ka hau jirgi.

Ngedikes


Chicago, 25 ga Yuli

Mechas,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai bayana da ke ɗan ciwo saboda kwanan mota. Ban samu wata wasiƙarki ba tukuna, amma na san kina nan kina jira kamar yadda kika ce, shi ke ƙara min ƙarfi.

Na yi kwana huɗu ina tuƙi cikin gonakin masara, ba teku ba dutse, har na fara jin tsoron sararin. A Kansas City bayan filin akwai ruwa da ke tsartuwa sama duk lokacin da aka buga ƙwallo ta fita waje. Naman saniya suke gasawa tun asuba har la'asar, a zuba maka a kan takarda, da yatsa kike raba shi. Na tuna ki, da haƙoranki ma za ki iya.

Amma Chicago ce wurin. Bangon filin duk ganye ya lulluɓe shi, in ƙwallo ta shige ciki sai a ɗaga hannu a daina nema. Da rana aka yi wasan, mutane har kan rufin gidajen maƙwabta. Na zauna kusa da wani tsoho yana rubuta maki da fensir, yana lasar bakin fensirin irin yadda Rubak ke yi. Na ce masa ubana ne mai jifan da ba a taɓa yin kamarsa ba a tsibirinmu. Ya cire hula, ya saya min gyaɗa. Bayan wasa na ci wani biredi mai zurfi kamar tukunya cike da cuku da tumatir, yanka ɗaya ya kwantar da ni.

Ga ƙunshi biyu, sun zama huɗu. Saura Boston da Baltimore. Ina ganin wajen Kirsimeti zan samu hutu in zo mu rufe shi yadda ya dace.

Ɗanki,
Sabino


Ngaraard, 15 ga Agusta

Sabino,

Sensei Tadao ne dai. Ya ce in fara da gaisuwa, to na gaishe ka.

Tun ina shekara tara hannuna ke cikin ƙasa. Na san ƙasar gonar kowace mace a ƙauyen nan ido rufe. Ka manta da wannan, ko ka ɗauka tsufa ya cinye min yatsu.

Ranar da ƙunshi na uku da na huɗu suka iso, mata suna gidan suna kankare rogo. Ucheliou ta ce a buɗe a ga ƙasar Amurka. Na buɗe duka huɗun a kan faranti. Baƙa ce, sakayau kamar dusa, da 'yan fararen tsakuwa masu murƙushewa, da ɓawon itace, da warin kashin saniya. Ta Seattle haka, ta Oakland haka, ta garin naman nan haka, ta Chicago haka. Ucheliou ta murza a yatsa ta shinshina, ta dube ni ta ce, "Matar ƙanina, irin wannan ce matar likita ke saye a Koror tana shuka fulawa." Ba wadda ta yi dariya a gabana. Sai da suka kai bakin hanya.

Ban yanke maka hukunci da bakin Ucheliou ba. Na samo ƙoƙon kwakwa biyar. Huɗu na zuba ƙasarka, na biyar na je filin ubanka na kankaro daga tudun mai jifa. Na sa irin barkono a kowanne, ruwa ɗaya, rana ɗaya. Kwana takwas, naka huɗun suka tsiro rana guda, kai ɗaya, kamar 'yan huɗu. Na ubanka ko alama.

Ƙasar da maza suka yi shekaru suna takawa ba ta fitar da komai, ta mutu ƙarƙashin ƙafa. Taka ba wanda ya taɓa taka ta. Garuruwa huɗu, wai tsakaninsu tafiyar kwanaki a mota, ƙasarsu ɗaya? Daga buhu ɗaya ka ɗebo.

Kuma ka daina yi wa tsofaffin mutane ƙarya don gyaɗa. Ubanka shekara biyu ya yi jifa kafaɗarsa ta lalace. Mai shara ne. Bai taɓa jin kunyar haka ba, kai ne kake ji.

Kirsimeti ka ce. Biyu ga Satumba na ce. Kwalekwalen Koror yana zuwa ran Juma'a, zan kasance a bakin ruwa.

Ngedikes


Baltimore, 25 ga Agusta

Mechas,

Ina gaishe ki. Jiya na buga wa Carol waya ta karanta min wasiƙunki biyu a jere. Ba ta jin yarenmu, haka ta dinga karanto su harafi harafi ba ta san me take faɗa ba, tana tambayata ko labari mai daɗi ne.

Gaskiyarki. Buhu ɗaya ne, yana bayan mota, saura rabi. Ba a barin 'yan kallo su taka fili a nan. A Seattle na leƙa ta kan shinge da cokali, masu gadi biyu suka riƙe ni ta hammata suka fitar da ni, mutane suna tafi. Washegari na shiga kantin kayan shuka na sayi buhun ƙasar.

Tunda yau ranar gaskiya ce, ga tawa. Ina shekara goma sha biyu Rubak ya tsugunar da ni bayan mai sanda in kama ƙwallo. Abin rufe fuska ɗaya ne a ƙauyen, ya ce na Remoket ne, shi ne mai kama na gaske, ni in koyi buɗe ido. Jifa na uku ya cire min haƙora biyu na gaba. Ina durƙushe jini na zuba ya ce, "Ɗauko ƙwallon tukuna, mutum na gudu." Na ɗauko. Ke kina gindin mangwaro kina sayar da rogo, taku ashirin tsakaninmu. Ba ki ɗaga kai ba.

Ba don shi nake wannan yawon ba, na yi wa kaina ƙarya ne kamar yadda na yi miki. Ina yi ne don in zauna a fili in ci abin da na ga dama, wasa ya fara ya ƙare ba wanda ya daka min tsawa. Yanzu haka ina kan tebur da aka shimfiɗa wa takarda, an juye min ƙaguwa dafaffu da yaji, an ba ni 'yar guduma ina fasa su. Ba su kai namu girma ba. Na ci sha biyu.

Abu ɗaya da ya sa na yi niyyar zuwa, layi uku ne, ashe Dilmei ce ta rubuta. Ba zan zo ba. Remoket ya ɗora dutsen. Shi ya samu abin rufe fuskar, sai ya haɗa da dutsen.

Sabino


Ngiwal, 11 ga Satumba

Sabino,

Dilmei ce ke rubutawa. Sensei ya ji abin da zan faɗa ya ajiye alƙalami ya ce shi ba da hannunsa ba. Dilmei ta rantse ba za ta ƙara ko ɗigo ba, kuma matar fasto za ta duba.

Lafiyata ƙalau. Ina gidanmu.

Wasiƙarka ta iso bayan an gama komai. Ran Juma'ar na je bakin ruwa tun safe na zauna kan buhun siminti. Kwalekwale ya zo da shinkafa, da kananzir, da wata akuya. Na dawo. Ran Asabar aka ɗaga kwanon, aka cike ramukan ƙaguwa, Remoket ya ɗora dutsen farko. Ya yi kuka, ni ban yi ba. Simintin ya kama da kyau.

Maganar haƙora. Gaskiya ne ban ɗaga kai ba. Akwai layi a gabana, rogon kuma yana hucewa. Ba zan ce maka na gani na daure ba, don ka samu wani layin da za ka karanta sau goma.

Da nake kwashe kaya na buɗe gwangwanin da ubanka ke ajiye fensiransa. A ƙasa akwai haƙora biyu naɗe a takardar maki. Ban san ya tsince su ba, ban san me ya sa ya ajiye ba, bai taɓa faɗa min ba. Kada ka tambaye ni fassara. Wanda ya sani yana ƙarƙashin siminti, kuma an jira ka wata uku.

Yanzu ga yadda abubuwa suka tsaya, don kada wani ya ruɗe bayan raina.

Kana bin ubanka haƙora biyu. Ga su cikin wasiƙar nan, ya biya.

Remoket yana binka kusurwar akwati da dutse guda. Ba abin da za ka aiko da zai biya wannan, kada ma ka gwada. Na ba shi rediyon da manjagarar.

Ucheliou tana bina ban haƙuri, tunda na ce mata kana hanya. Na ba ta a gaban mata, a tsaye, ta sa na maimaita wai ba ta ji ba. Wannan kai ka ci, ni na biya.

Barkonon nan huɗu na taho da su, sun yi kyau, har sun fara fure. Su kaɗai ne abin da ka taɓa aikowa ya yi amfani, don haka ni ba na binka komai. Kai ma ba ka bina.

Saura ɗaya. Ka san ni ce babba a matan gidan nan, ni ke faɗin wanda za a kwantar a makwancin danginmu. Wurin da ke gefen nawa naka ne tun ranar da na haife ka. Jiya na tara su na ce na Dilmei ne. Tana kuka tana rubutawa, ka ga inda tawadar ta jiƙe, ba ni ba ce.

Ƙunshi na biyu da za ka gani ja ne. Cokali ɗaya ne daga tudun ubanka, ni na kankaro da hannuna, ba wanda ya riƙe ni ta hammata. Ka ba Carol ta ajiye, ka faɗa mata da yaren da take ji, ranar da aka binne ka a can ta zuba maka. Iyakar rabonka ke nan a ƙasar nan.

Kada ka wahalar da kanka da shuka a ciki. Ba ta fitar da komai.

Ngedikes